Yadda iyalin soja za su shirya yawon labaran fatalwa a birnin Savannah

Da zarar Oktoba ya kama a Amurka, tsofaffin birane sukan buɗe wata kasuwa ta dare. Ɗan jagora zai riƙe fitila, mutane su biyo shi a ƙafa, ya riƙa tsayawa da su a ƙofar wani tsohon gida ko gefen maƙabarta yana ba su labarin wanda ya mutu a wurin da kuma fatalwar da ake cewa tana fitowa. Ana yin wannan yawo duk shekara, amma ya fi cika a makonnin da ke gaban bikin Halowin na ranar 31 ga Oktoba, bikin da baƙin haure daga Ayalan da Sikotilan suka shigo da shi Amurka a ƙarni na 19.

Ga iyalin soja, wannan fita tana da wani amfani da ba kowa zai gane ba. Duk shekara biyu ko uku an yi muku canjin wurin aiki, kun sauka a garin da ba ku san kowa ba, yara sun bar abokansu, maigida ko uwargida kullum suna bariki. Awa ɗaya da rabi a bayan ɗan jagora mai ilimi na iya sanar da ku garin fiye da wata uku na zirga-zirga a mota. A wurina abin da ake nema a wannan yawo shi ne tarihin gaskiya da ke ƙarƙashin labaran, da kuma daren da iyali suka taka ƙasa tare. Sai dai gidan soja gida ne da maganar mutuwa ba ta da nisa da shi, don haka shirin yana buƙatar hankali fiye da na sauran jama'a. Na ɗauki Savannah ta jihar Jojiya don ita ce birnin da iyalan barikin Fort Stewart da na filin jiragen soja na Hunter suka fi zuwa, amma matakan za su yi aiki a ko'ina.

Mataki na farko: ku gama magana a gida kan addini

Kafin a taɓa waya ko a nemi tikiti, miji da mata su zauna. Malamai da yawa sun hana Musulmi shiga bikin Halowin, akwai kuma Kiristocin da ba sa yarda da shi. Idan zuciyar ɗayanku ba ta kwanta ba, ku tambayi malaminku, ko limamin da ke aiki da rundunar, domin sojan Amurka na da limamai Musulmi da fastoci. In amsar ta zo cewa a bari, a bari. Savannah na da yawon tarihi na rana tsaka wanda ke bi ta dandalin tsohon garin ba tare da maganar fatalwa ba, kuma yara ba za su yi asarar komai ba.

In kun yanke za ku je, ku raba yawon da bikin. Ba dole a sa kayan dodanni ba, ba dole a je a daren 31 ba. Sannan ku gaya wa yara a fili abin da kuka yi imani da shi: wanda ya rasu ya tafi ga Ubangijinsa, ba ya dawowa ya zauna a saman bene yana buga ƙofa. Abin da za su ji daga bakin ɗan jagora irin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ne, ana jin daɗinta an san ba ta faru ba. Amma sunayen mutanen da shekarun da zai ambata, su kam yawancinsu gaskiya ne, kuma su muka zo ji.

Mataki na biyu: ku dubi sojan, ku dubi yaran

Nan ne ya fi muhimmanci, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Sojan da ya dawo daga bakin daga yana iya zama lafiya lau a ido, amma duhu da cunkoso da mutumin da zai faɗo masa ta baya ba zato ba tsammani su tayar masa da abin da yake ta ƙoƙarin dannewa. Wasu kamfanonin yawon suna ɓoye 'yan wasa a lungu don su razana baƙi. Ga wani wannan abin dariya ne, ga wanda ya yi sintiri a garin da ake dasa bam a gefen hanya kuwa ba wasa ba ne ko kaɗan. Uwargida, ki tambaye shi ku biyu, ba a gaban yara ba: "Baban Amina, kana ganin za ka ji daɗin tafiya cikin taro da dare, ko mu nemi na yamma?" In ya ce ba ya so, kar ki nemi dalili. Haka shi ma maigida zai yi in matar ce ke sanye da kaki.

Yaran kuma kowanne da halinsa. Yaron da mahaifinsa ke can wata ƙasa a wannan lokacin yana ɗauke da tsoron da ba ya faɗa. Labarin sojan da ya tafi yaƙi bai dawo ba, matarsa na jiransa a taga har ta mutu, labari ne da ake yawan bayarwa a irin wannan yawo, kuma yana iya hana yaro barci mako guda. In mahaifin ba ya nan, ni shawarata a ɗage fitar har ya dawo, ko a yi ta rana. Iyalin da suka rasa nasu a bakin aiki kuwa, kar wanda ya matsa musu su zo don an shirya fitar rukuni. A gayyace su da ladabi, a bar musu zaɓi.

Game da shekaru, 'yan ƙasa da bakwai galibi gajiya ce za ta kama su kafin tsoro. Daga takwas zuwa sha biyu su ne suka fi jin daɗi in an zaɓi yawon iyali. Matasa za su roƙi mafi ban tsoro, amma ku sani a yawon tsakar dare ana kwance bayanin kisan kai da rataye kai dalla-dalla, wanda ba kowane uba zai so ɗansa ya ji ba.

Mataki na uku: rana

Soja ba shi da ikon lokacinsa. Kafin a biya ko sisi, ya duba jadawalin gadi na awa 24 da ranakun atisaye a daji. Ranar Litinin ta biyu a Oktoba hutun gwamnatin tarayya ce, kuma runduna kan haɗa da Juma'ar da ke gabanta a samu kwana huɗu, wannan ita ce dama mafi kyau. Albashi na shigowa ranar 1 da 15 ga wata, sai a daidaita. Ƙarshen mako na ƙarshe kafin 31 ga wata ku guje shi in da hali: tituna cike, masu maye da yawa, tikiti ya ƙare da wuri. Daren Talata ko Laraba a tsakiyar wata ya fi natsuwa nesa ba kusa ba. Ku kuma tuna lokacin mahaukaciyar guguwar teku ba ya ƙarewa sai 30 ga Nuwamba, guguwar Matthew ma a Oktoban 2016 ta daki wannan gaɓar, don haka a riƙa duba hasashen yanayi.

Mataki na huɗu: wane irin yawo?

A Savannah za ku tarar da iri-iri. Akwai na ƙafa da wuri, wanda aka tsara don iyali. Akwai na motar yawon buɗe ido mai buɗaɗɗun tagogi, wanda ya dace da mai juna biyu ko sojan da ke fama da gwiwa ko baya. Akwai wanda ake ɗaukar mutane a tsohuwar motar ɗaukar gawa da aka yanke rufinta, abin da ni dai ban ga dacewarsa ga iyalin da suka taɓa raka akwatin abokin aiki ba. Akwai na shiga tsofaffin gidaje da na'urori wai ana neman aljanu, wanda ba na ba kowa shawarar zuwa. Sai na bin mashaya ɗaya bayan ɗaya, na 'yan shekara 21 zuwa sama, wannan ba namu ba ne.

Na ƙafa na farkon dare shi ne zaɓina. Kada ku tsaya ga abin da aka rubuta a shafin intanet, ku buga waya ku yi tambaya. Akwai masu faɗowa su tsorata mutane? Mutum nawa ne a rukuni ɗaya? Ana shiga mashaya a hanya? Daga shekara nawa kuke karɓar yara? Ɗan jagoran yana bambanta abin da ke rubuce a tarihi da abin da ake faɗa kawai? Sannan tambayar da ta fi kowacce ga gidan soja: in aka kira maigida aiki ba zato, za ku mayar da kuɗi ko ku sauya mana rana? Kamfanin da ya amsa wannan da sauƙi shi za ku ba kuɗinku.

Mataki na biyar: tikiti da rangwame

Ku fara leƙa ofishin tikiti da tafiye-tafiye na MWR, sashen da ke kula da walwalar sojoji a kowane bariki, domin sukan sayar da tikitin wuraren shaƙatawa da rahusa. In babu na yawon da kuke so, ku tambayi kamfanin kai tsaye ko suna yi wa soja rangwame. Da yawa suna yi amma sai an tambaya, kuma za su nemi ganin katin shaida, don haka kowa ya riƙe nasa. In iyalai da dama ne daga rukunin soja ɗaya, a bi ta ƙungiyar iyalan sojoji ta rukunin a ɗauki ɗan jagora na ku kaɗai. Wannan ya fi komai, don za ku iya gaya masa tun farko cewa akwai yaran da iyayensu ke bakin daga, ya sassauta wasu labaran. Ku ware 'yan daloli a hannu na tukuicin ɗan jagora, al'adar ƙasar ce, kuma yawancinsu da shi suke cike gurbi.

Mataki na shida: ku san tarihin kafin ku isa

In kuka je da ɗan sani, ba za a sayar muku da ƙarya a farashin gaskiya ba. Janar James Oglethorpe ne ya kafa Savannah a 1733, ya tsara ta da dandali-dandali masu itatuwa, 22 daga cikinsu suna nan har yau. Dalilin da ya sa labaran fatalwa suka yi mata yawa a bayyane yake: birni ne da ya sha mutuwa. Gobara ta cinye shi a 1796 da kuma 1820, a wannan shekarar ta 1820 zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa ya kashe mutum kusan 700. Da yawansu suna kwance a maƙabartar Colonial Park da ke tsakiyar gari, wadda aka buɗe wajen 1750 aka daina binnewa a cikinta a 1853. Kusan kowane yawo yana tsayawa a bakin shingenta, domin ana rufe ta da dare.

Ga 'ya'yan soja akwai abin da ya fi fatalwa jan hankali. Ranar 9 ga Oktoba 1779, lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka, sojojin Amurka da na Faransa suka kai hari don ƙwace birnin daga hannun Ingila, aka yi musu mummunar ɓarna. A ranar aka ji wa Casimir Pulaski, kwamandan dawakai ɗan ƙasar Folan, raunin da ya yi ajalinsa, hasumiyar tunawa da shi na dandalin Monterey. A dandalin Madison akwai mutum-mutumin Saje William Jasper, wanda ya mutu a wannan harin yana kare tutar rundunarsa. A dandalin Franklin kuma akwai abin tunawa da baƙaƙen sojoji daga ƙasar da yau ake kira Haiti, waɗanda suka yi yaƙin a ɓangaren Faransa. Ku nuna wa yaranku wannan, ko da ɗan jagora bai bi ta nan ba. Daga baya, a Disambar 1864, Janar Sherman ya shigo birnin da rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka, aka mayar da wasu gine-gine asibitin soja, ciki har da otal ɗin Marshall House da aka gina a 1851. Daga nan labaran sojoji masu yawo a barandarsa suka samo asali.

Sai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Dukiyar wannan birni da auduga da shinkafa aka tara ta, da gumin bayin da aka kwaso kakanninsu daga Afirka ta Yamma. A ranakun 2 da 3 ga Maris 1859 aka yi gwanjon bayi sama da 400 a wani filin sukuwa da ke yammacin garin, aka raba iyalai da danginsu, har yau baƙaƙen Amurka na kiran waɗannan kwanaki lokacin kuka. A tsibirin Sapelo da ke kudu da Savannah an yi wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo a Futa Jalon, wanda ya bar rubutun hannu da haruffan Larabci mai shafi 13, yana ajiye a Jami'ar Jojiya. Ina kawo wannan ne saboda wasu 'yan jagora sukan ɗauki wahalar bayi, musamman matan da iyayengijinsu suka ci zarafinsu, su ƙara mata gishiri don a ji tsoro a yi dariya. Abin yana ƙona mini rai. Waɗannan mutane ne da aka zalunta suna raye, bai kamata a ci kasuwa da su bayan sun mutu ba. In kuna son yaranku su ji labarinsu yadda ya dace, ku kai su gidan Owens-Thomas da rana, inda ɗakunan bayin suke har yanzu kuma ake bayaninsu da mutunci, ko cocin First African Baptist da ke dandalin Franklin, ɗaya daga cikin tsofaffin majami'un baƙar fata a Amurka.

Mataki na bakwai: ranar fita

Daga Hinesville, inda Fort Stewart take, zuwa tsakiyar Savannah kimanin mil 40 ne, ku ba shi awa guda. Masu zama kusa da Hunter kuwa suna cikin gari. Ku iso da la'asar, ku ajiye mota a ɗaya daga cikin garejin birni maimakon yawon neman gurbi a titi. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 7 a farkon Oktoba, kafin ƙarshen wata ta dawo wajen 6 da rabi, don haka ku zo da alwala da darduma, a yi Magariba kafin a haɗu da ɗan jagora. Filin Forsyth na da faɗi da ciyawa, ba za ku rasa gefe mai natsuwa ba.

A ci abinci tukuna, yaro mai yunwa ba ya jin tarihi. Abincin yankin zai yi muku kama da na gida, akwai kuɓewa, akwai jar shinkafa 'yar'uwar dafa-duka, akwai riɗi. Amma ku tambaya kafin ku ci, domin sukan sa naman alade a shinkafar da ganye da wake, har da abincin jatan lande. Kifi gasasshe ya fi kwanciyar hankali.

Takalmi ya zama mai taushi kuma rufaffe, domin saiwoyin itatuwa sun ɗaga bulon hanyoyin, titin bakin kogi kuma duwatsu ne da matakala masu tsayi waɗanda keken jariri ba ya bi. A riƙe ruwa, maganin sauro, ƙaramar tocila da rigar sanyi mara nauyi. Sojan ya sa kayan gida. Kowa ya shiga banɗaki kafin a tashi, don babu tsayawa a hanya. Ku sa wa ƙananan yara takarda mai lambar wayarku a aljihu.

Mataki na takwas: cikin yawon

Ku iso minti 15 kafin lokaci, ku ja ɗan jagora gefe ku gaya masa akwai yara, in da abin da ba ku so a yi muku ku faɗa. Ku bar sojan ya zaɓi inda zai tsaya. Da yawansu sun fi son bayan rukuni inda suke ganin kowa, kar a ce masa ya matso gaba. Ku yi alama tsakaninku, ko matse hannu sau biyu, wadda ke nufin a fita ba tare da tambaya ba, kuma yara ma su san da ita. Barin yawo a tsakiya ba abin kunya ba ne, kuma kuɗin tikiti bai kai barcin yaro ba.

Dokar Savannah ta yarda a riƙe kofin giya a titi a tsohon gari, saboda haka za ku haɗu da masu tangaɗi, ku sa yara a tsakiyarku. A bakin maƙabarta a rage murya, kar yara su hau shinge ko su jingina da kabari. Yawancin gidajen da ake nunawa akwai mutane a ciki, ba a haska musu tocila a taga. Tsiron nan mai launin toka da ke zubowa daga rassan itatuwa yana da kyau a hoto, amma kar yara su tsinci wanda ya faɗo ƙasa, akwai ƙananan ƙwari masu sa ƙaiƙayi a ciki. In hira ta haɗa ku da baƙi, ko za ku sa hoto a Facebook, kar a ambaci ranar tafiyar rukuni ko inda aka tura su.

Bayan an dawo

A mota ku tambayi yara wane labari ne suke ganin gaskiya ne, wanne ne ƙari. Daga amsarsu za ku gane abin da ya maƙale musu a rai. In aka isa gida a yi addu'ar kwanciya tare, a bar fitilar baranda a kunne, wanda ya nemi kwana kusa da Mama a bar shi. In kuma sojan ne kuka ga ya yi shiru, ko barci ya ƙaurace masa kwanaki, akwai masu ba da shawara kyauta ta Military OneSource, in abin ya tsananta a buga layin agajin gaggawa na 988 a danna 1.

Waɗanda ke wasu barikokin su ma suna da nasu tsofaffin biranen a kusa: Charleston ga na sansanin haɗin gwiwa na can, Williamsburg ga na Norfolk, St. Augustine da aka kafa a 1565 ga na Jacksonville, San Antonio da sansanin Alamo na yaƙin 1836 ga na Fort Sam Houston. Gettysburg, inda aka gwabza a yaƙin basasa daga 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, ta fi dacewa da ziyarar rana ga gidan soja. Salem ta jihar Massachusetts, garin shari'ar mayu ta 1692, cunkosonta a Oktoba ya wuce misali, a bari sai bazara.

In kun kwana a Savannah, washegari ku kama hanyar tsibirin Tybee ku tsaya a ganuwar Fort Pulaski, kimanin mil 15 gabas da gari. A Afrilun 1862 sababbin igwa na rundunar Arewa suka huda katangarta ta bulo cikin awa 30, har yau ana ganin ramukan. Soja mai aiki da iyalinsa suna da katin shiga wuraren tarihi na gwamnatin tarayya kyauta na shekara guda, ana karɓarsa a ƙofa in an nuna katin shaida. Wasu ranakun ana harba igwa don nuna wa baƙi, saboda haka ku tambayi ma'aikatan ƙarfe nawa za a yi tun kuna bakin ƙofa.